Gilashin Da Ya Ƙi Karɓa

Ku yi haƙuri da ni yau, masu karatu, in kun ji maganata tana hawa tana sauka. Sau uku ina fara rubutun nan ina gogewa.

Ni 'yar mai yankan gilashi ce. A shagon Baba na yi rarrafe, a nan na yi wayo, a nan nake aiki har yau da nake da shekara ashirin da takwas. Mutanen layinmu 'Yar Gilas suke kirana. Ba yabon kai ba, in na ɗora ma'auni na ja abin yanka sau ɗaya, ƙiii, na sa babban yatsa na danna, ɓas, sai ka rantse sabulu aka yanka.

Gilashi ya koya mini sana'a, amma sai da ya karɓi ladansa. Ina 'yar shekara shida wani gilashin taga ya zame daga inda aka jingine shi, ya tarwatse, wani ɓarinsa ya tsaga mini kuncin hagu, daga ƙasan ido har kusa da baki. Ɗinki goma sha ɗaya. Ya warke ya bar tabo mai tsawon ɗan yatsa, da ɗan tudu, ya fi sauran fatata haske. Ku dubi ikon Allah: mai tabo ɗaya, sai aka ajiye ta a shagon da madubi ya fi arba'in. In na shiga da safe, 'yan mata arba'in ne ke shigowa tare da ni, kowacce da nata tabon. Shi ya sa na koyi tafiya ina kallon ƙasa kamar wadda allurarta ta faɗi, gefen mayafina na hagu kuwa kullum ya fi na dama sakkowa.

Manema sun zo, ba zan yi ƙarya ba. Amma ido bai iya munafunci ba. Mutum zai yi sallama ya zauna, bakinsa na zuba zance, idonsa kuwa ya koma kan tabon kamar ƙuda a kan gyambo. Wani ya ce ya san wani man shafawa. Wani ya ce bayan aure zai kai ni wurin likitan fata, har da buga ƙirji. Duk na sallame su.

"Ke wai wa kike jira?" in ji Umma. "Makaho?"

"Wanda zai kalle ni nake jira, Umma."

"Su waɗannan bango suke kallo? Ƙannenki biyu suna ɗakunansu, ke kina nan kina auna taga. Ni dai na gaji da amsa tambayar mutane."

Sai Allah ya kawo Injiniya. Ba injiniyan ba ne, mai gyaran waya ne, rumfarsa tana tsallaken titi, daidai ƙofar shagonmu. 'Yan layi ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya ganin abu ya mutu ya bar shi ya huta. Fankar da ke kan teburinsa ma daga cikin wata matacciyar kwamfuta ya ciro ta. Siriri ne, mai sanyin murya, kullum da ɗan tabarau mai ƙara girman abu rataye a wuya, yatsunsa duk ƙunar dalma. Shekara biyu muna tare bai taɓa ce mini "me ya same ki a nan" ba. Idonsa a kan idona yake sauka, ya zauna. Na ce a raina, yarinya, ga shi nan, kin samu wanda bai ma ga abin ba. A wayata "Mai Gyara" na sa masa, don a ganina har ni ya gyara.

Farkon watan nan Baba ya kira shi. Baba mutum ne da maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali ba. Ya ce masa kawai, "In da gaske kake, ina son ganin manyanka." Injiniya ya sunkuyar da kai, ya ce a ba shi zuwa ƙarshen wata. Da yamma sai ga saƙonsa.

"Kafin su zo akwai abin da nake son in haɗa miki da hannuna. Ba ni da ƙarfin gwal, amma ina da kai."

"Kan da ya ƙona wa Baba caja?"

"Wannan cajar da ajalinta ta zo. Madubi zan yi miki."

Na yi dariya har Umma ta leƙo ɗakin. Na rubuta masa, "'Yar mai gilashi za ka kawo wa madubi? Gobe kuma sai ka kai wa mai rijiya ruwa."

"Ba irin naku ba ne. Nawa yana da wayo. Zai gaya miki lokaci, ya gaya miki ko za a yi ruwa, ya gaishe ki da safe."

Washegari ya tsallako da sikirin ɗin wata tsohuwar kwamfuta da ya ɓare, da wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana biyu ba. Ya baje su a kan teburin yanka ya yi mana bayani. Sikirin ɗin a baya zai zauna, baƙi ƙirin, rubutu kaɗai ne zai zama fari. A gabansa kuma sai a sa wani abu da zai zama madubi ga wanda ke tsaye, amma ya bar hasken rubutun ya ratso.

"Duk sirrin yana wurin abin da za a sa a gaban nan," ya ce. "Kuma mai araha nake nema. Nan ilimina ya ƙare, naki ya fara."

Wallahi makonni ukun da muka yi muna neman abin nan, ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar su ba.

Da madubin gida ya fara. Ya ɗauki wani guntu ya zauna da reza yana kankare fentin bayansa, wai in ya rage masa kauri haske zai wuce. Baba ya dube shi ta saman tabarau.

"Injiniya, kaza kake figewa?"

Inda ya kankare ya koma taga, inda bai kankare ba ko ɗigon haske bai wuce ba. Madubin gida ba ya raba zuciyarsa biyu. Ko ya mayar maka da fuskarka duka, ko ya bar ta ta wuce duka.

Bayan kwana huɗu ya zo da wani falle na roba mai sheƙi, mara nauyi, wanda aka yi shi don irin wannan aikin. Rubutu ya fito tar. Amma roba ba ta da ƙashin baya. Da muka ɗaure ta a jikin katako sai ta ɗan lanƙwashe. Na leƙa, na ga goshina ya yi tsawon tabarma, haɓata ta shige wuya, kamar mai kallon kanta a bayan cokali. Shi ma ya leƙo ta bayana, kunnuwansa suka koma na zomo. Muka yi ta dariya har na riƙe ciki, har wata mata da ta zo sayen gilashin kabad ta ce ko a shagon nan ake raba farin ciki. Na sa gefen mayafi na goge robar sau ɗaya, sai ga zane.

"Wannan ko wata guda ba za ta yi a ɗakin mace ba," na ce.

Sai muka koma kan leda mai ɗaukar ido, irin wadda ake liƙa wa tagogin ofis da gilashin mota. Iri biyu ya samo. Ɗaya mai haske ce kamar azurfa, ɗaya mai duhu kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Na liƙa kowacce a kan guntun gilashi muka gwada. Mai azurfar tana fitar da fuska sosai, rubutun ma ba laifi. Mai duhun kuwa rubutu ne ke ƙyalli, fuska sai ta dusashe, ta koma kamar ta mutumin da ke tsaye a inuwa. Kana ganin siffa, ba ka ganin ƙananan abubuwa.

A ranar ne ya ce in jingina da bangon ɗakin ciki, inda muke ajiye kayan aiki. Ya sa fensir ya yi alama a bango daidai idona, ya auna daga ƙasa da tef, ya rubuta a tafin hannunsa.

"Na mene ne?"

"Don in san inda za a rataye shi. Kada in yi wa raƙumi madubi, ga ki 'yar guntuwa."

Na kai masa duka da ma'auni, ya goce.

Duk abin nan Baba yana kallo daga kujerarsa. Ran nan sai ya miƙe ya shige can ƙuryar sito, muka ji yana ture-ture, ya fito rungume da wani abu naɗe cikin tsohon bargo. Da ya buɗe sai da na dafe ƙirji. Gilashi ne na gaske mai fuska biyu, ragowar aikin da ya taɓa yi wa wani mai kanti da ke son ya zauna a ciki yana ganin masu saye, su ba sa ganinsa. Ya fi shekara goma yana ɓoye da shi. Ni kaina na taɓa roƙonsa, ya ce ba na wasa ba ne.

Ya ɗora farcensa a kai. "Duba nan. A madubin gida akwai rata tsakanin farce da ɗan'uwansa. A wannan sun haɗe."

Muka ɗora shi a kan sikirin ɗin, Injiniya ya kunna. Tsarki ya tabbata ga Allah. Fuska tar, rubutu tar, kamar an rubuta shi a jikin iska. Gashin girata ɗaya-ɗaya ina iya ƙirgawa.

"Ɗauka," in ji Baba. "Na ba ka."

Ku da ba ku san Baba ba, ba za ku gane nauyin kalmomin nan ba. Ni da na san shi, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido. Daidai yake da ya ce, na ba ka 'yata.

Injiniya ya daɗe yana kallon gilashin. Ya yi godiya, ya sake godiya. Sai ya shafa ƙeya.

"Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ina ganin ledar nan mai duhu za ta fi."



"Ta fi me?" na ce.

"Rubutu ya fi fitowa a cikinta."

"A wannan bai fito ba?"

"Kuma yana da nauyi. In ya faɗo fa?"

"Gilashin da za ka liƙa wa ledar iska ne?"

"Abin Baba ne mai daraja, kada in ɓata shi."

Baba ya mayar da bargon, ya naɗe gilashinsa a hankali, ya koma da shi sito. Bayansa kawai na kalla na san an taɓa shi.

Da Umma ta ji labari sai ta riƙe haɓa. "An ba shi doki ya ce jaki yake so? Yaron nan lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Na shiga ɗaki na rubuta masa, "Me ya sa ka yi wa Baba haka?"

"Ki yarda da ni. Na san abin da nake yi. Ranar da kika gani za ki gode mini." Ya haɗa da 'yar jar zuciya har uku.

Ni kuma sakarya na yarda. Na ce zuciya ce irin ta maza, ba ya son a ce surukinsa ne ya yi masa rabin kyautar. Har na ji ya ƙara burge ni.

Ku ji fa. Ni da hannuna na yanka gilashin da aka yi aikin da shi, ni na goge bakinsa, ni na liƙa ledar. Aiki ne mai son tsabta. Sai an kashe fanka, an rufe ƙofa, an yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Sai a fesa ruwan sabulu, a shimfiɗa ledar, a sa tsohon katin banki a riƙa ja daga tsakiya zuwa gefe. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga, ta zauna ke nan har abada da 'yar kumfarta. Sau biyu muna ɓarewa muna sakewa. Gumi yana ɗiga daga hancina, Injiniya yana riƙe da gefe, Baba yana daga kujerarsa yana fifita da kwali. Da na gama babu kumfa ko ɗaya. Har na yi alfahari.

Jiya da hantsi ya turo: "Amarya, madubinki ya farka."

Na sa doguwar rigata ruwan hoda mai ƙananan furanni a bakin hannu, wadda nake ta ajiya, da mayafi ruwan madara. Na sa kwalli, na ɗan taɓa turare. Umma ta bi ni da kallo har ƙofa.

"Madubi za a gani ko shi za a nuna wa?"

Ya rataye shi a ɗakin ciki, daidai wurin alamar fensir ɗin nan, ya lulluɓe da farin ƙyalle. Baba yana gaban shago da wani mai sayen gilashin tebur. Injiniya ya ce in rufe ido, na rufe, na ji ya yaye ƙyallen.

Gaskiya ya yi kyau. Firam ɗin katako ne ruwan ƙasa, ya sha goga. Can sama an rubuta da farin haske, "Barka da hantsi, 'Yar Gilas." A kusurwar dama ga ɗan hoton gajimare da rana tana leƙowa. Sai agogo. Shi ba a sama yake ba, ba a kusurwa ba. Yana kusa da tsakiya, ya ɗan karkata hagu, da manyan lambobi farare.

Na yi dariya. "Wa yake sa agogo a tsakiyar madubi?"

"Tsaya daidai nan ki gani." Ya nuna mini wani layin alli da ya ja a ƙasa.

Na tsaya. Na ɗaga kai.

Wata mace na gani, a dusashe, sumul, kyakkyawa kamar baƙuwa. A kuncinta na hagu lambobi suna haske, sha ɗaya da minti ashirin. Babu tabo. Na ja da baya taku biyu, lambobin suna kansa. Na matso har numfashina ya taɓa gilashin, suna kansa. Tun ina ƙarama Baba ya nuna mini wannan abin mamaki: ko ka matso ko ka ja baya, inda fuskarka ta faɗa a jikin madubi nan take faɗawa, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Ke nan ba dace ba ne. Wanda ya ajiye agogon nan a wurin nan, sai da ya zauna ya yi lissafi.

Na karkatar da kai dama kaɗan. Tabon ya leƙo daga ƙarƙashin lambar kamar ƙadangare daga ƙarƙashin dutse. Na dawo daidai, ya koma ya ɓuya.

Shi kuwa yana bayana yana murmushi, yana murza hannu. "Kin gani? Kwana huɗu na yi ina daidaita shi."

"Daidaita me?"

"Don in kin tashi da safe, ki ga kanki ba tare da... ki dai fara yininki da farin ciki."

"Ba tare da me ba?"

Murmushin ya fara gudu daga fuskarsa.

"Faɗe shi," na ce. "Shekara biyu ba ka faɗa ba. Yau faɗe shi."

Ya ce, "Tabon."

Karo na farko ke nan da na ji kalmar a bakinsa. Ta fito da ƙyar, kamar ya tofar da tsakuwa.

"Shi ya sa ka ƙi gilashin Baba."

"Ya cika nuna komai."

"Aikin madubi ke nan."

"Haba, 'Yar Gilas. Kullum ina daga rumfata ina ganin yadda kike shiga shagon nan kanki a ƙasa. Na ce bari in yi miki guda ɗaya a duniya da za ki iya ɗaga kai a gabansa. Laifi ne?"

Da a nan ya tsaya a zuciyata, da wataƙila na yi kuka na haƙura. Amma sai na tuna wani abu. Na sha zama a bencin rumfarsa in ga an kawo waya mai mataccen ɗigo a sikirin, mai ita yana son ya sayar. Injiniya sai ya sa mata hoto mai duhu, ya jawo wata alama da yatsa ya ajiye ta daidai kan ɗigon. Ya ce, "Ba ƙarya ba ce, kwalliya ce." Ni ma har dariya nake taya shi.

"Ni ce wayar ke nan," na ce. "Wa za ka sayar wa?"

"Subhanallahi! Wallahi don ke na yi."

"Mu a gidanmu in gilashi yana da aibi, da yatsa muke nuna wa mai saye. In ya ɗauka, ya ɗauka da saninsa."

"Ni ai da sanina na ɗauka!"

"To me ya sa ka rufe?"

A kan kuncina lamba ta juya, minti ashirin ya koma ashirin da ɗaya, abinta, ba ruwanta. Na ja mayafina na fita. Baba ya ɗago ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin ciki, ya ce, "Je ki gida."

Umma tana tsakar gida tana shanya labulen falo da ta wanke saboda baƙi. Na gaya mata komai a tsaye. Ta yarfe hannu.

"To shi ne me? Bawan Allah ya hana kansa sukuni don ya faranta miki. Wanda ya kalla kin kore shi, wanda ya rufe kin kore shi. Me kike so a yi wa tabon nan, a shimfiɗa masa darduma a ce sannu da zuwa? Jibi mutanensa za su zo. Kada ki kunyata mahaifinki."

Sai ta ga idona. Ta matso, ta sa jiƙaƙƙen yatsanta ta bi tabon daga sama har ƙasa, yadda take yi mini ina ƙarama. Duk duniya ita kaɗai ke taɓa shi. "Je ki kwanta," ta ce a hankali. "Zafin rana ne."

Na rufe ƙofa na zube a gado da rigata. Waya ta yi ta ƙara.

"Na cire agogon."

"Na mayar da shi can sama."

"Zan je in durƙusa wa Baba ya ba ni gilashin."

"Ki yi magana mana, ko zagi ne."

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta fara narkewa. Ina son mutumin nan. Na ce bari in buɗe hotunanmu in tuna alherinsa, ko fushin ya sauka. Hotunan da ya ɗauke ni ne cikin shekara biyu, duk ya turo mini, na tara su wuri guda. Ga ni a ƙofar shago ina dariya, ta gefen dama. Ga ni a bencin rumfarsa da kofin shayi, ta gefen dama. Ga ni ina yanka gilashi, ta gefen dama. Na yi ta ja da yatsa. Guda ɗaya na samu da na fuskanci kyamara sosai, shi kuma ya liƙa mini ɗan hoton fure a kunci. Ranar da ya turo shi har sumbatar wayar na yi.

Sai abubuwa suka riƙa zuwa da kansu. In muna tafiya, a damata yake. In za mu zauna, sai ya zagayo ya zauna a damata. Idon nan nasa da ke sauka a kan idona ya zauna, ashe riƙe shi yake yi, kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa yana tsoron ya zube. Ni ina cewa bai gani ba. Ashe ƙoƙari yake yi. Shekara biyu bawan Allah yana ƙoƙari.

Ina cikin haka sai ga saƙo daga baƙuwar lamba.

"Salamu alaikum Anti, ni ce autar su Yaya mai gyaran waya, shi ya ba ni lambarki. Kullum sai mun kalli hotunanki ni da Mama. Mama ta ce fuskarki sumul kamar ƙwai, wai jikokinta sun yi sa'a. Jibi da mu za a zo, wallahi na ƙagu!"

Na karanta sau uku. Na koma wurin Mai Gyara, na yi masa tambaya ɗaya.

"Mamarka ta sani?"

Ya daɗe yana rubutu. "Zan gaya mata. Lokaci nake jira."

"Jibi ne fa."

"Na yi tunanin ko za ki ɗan sakko da mayafin a ranar farko. In sun saba da halinki, sauran mai sauƙi ne."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na je bakin taga na yaye labule, ranar la'asar ta shigo ɗakin gaba ɗaya. Na cire mayafin na jefar a gado. Na juya kuncina na hagu ga hasken, na ɗaga waya na ɗauka. Shekara ashirin da biyu ina tare da shi, ban taɓa ɗaukarsa hoto ba. Na tsaya na kalle shi sosai, har wuraren da allura ta bi. Bai kai munin da nake tsoro ba, bai kuma yi ƙanƙantar da nake fata ba. Yana nan dai yadda yake.

Na tura wa Auta. Na rubuta a ƙasa, "Ki nuna wa Mama. Wannan ce ni. In kun zo, ita za ku tarar."

Alamar nan biyu mai nuna an buɗe saƙo ta koma shuɗiya nan take. Na ga tana rubutu. Ta tsaya. Ta sake farawa. Ta tsaya. Daga nan shiru.

Yau da safe na je shago don kada Baba ya yi tambaya. Rumfar Injiniya a rufe take, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da yake zazzaɓi. Baba ya dubi rumfar, ya dube ni, ya miƙo mini ma'auni. Na auna tagar wani sau uku, sau uku tana ba ni lamba daban. Da na dawo gida na tarar Umma ta mayar da labule, ta fito da kofunan baƙi tana gogewa, tana 'yar waƙarta. Gobe ne. Ban iya gaya mata abin da na aika ba.

Yanzu da nake rubuta muku wannan, wayar tana kan cinyata. Minti goma da suka wuce saƙo ya shigo daga lambar Auta. Layi ɗaya ne: "Anti, Mama ce za ta yi miki magana." A ƙarƙashinsa saƙon murya, minti huɗu da daƙiƙa tara.

Ko ta ce sun fasa, ko ta ce suna nan tafe. Na ɗora yatsa a kai tun ɗazu, na kasa dannawa, don wallahi, masu karatu, ban san wanne na fi tsoro ba.